Sauti na Bakwai a Jarrabawar Hadiza

Har in mutu ba zan manta da wata Laraba cikin damina ba, a shekarata ta ashirin da uku ina koyar da kiɗan fiyano a wata kwaleji a Gusau. Ranar ce aka yi jarrabawar fita, wadda doka ta ce sai an kawo mai jarrabawa daga wata makaranta ya zauna tare da malamin aji.

Abin da ake fara tambaya shi ne sikelin manjo: sautuka takwas a jere, do, re, mi, har a koma do na sama. Idan aka fara daga maɓallin da ake kira C, fararen maɓallai kawai ake bi. Amma idan aka fara daga G, dole sauti na bakwai ya hau baƙin maɓalli, in ba haka ba jerin ya karye.

Ɗaliba ɗaya gare ni a shekarar, Hadiza, ɗiyar wani manomi daga Nahuce. Ta zauna ta buga sikelin G. Ni kuwa na rufe ido kamar yadda na saba, don ina alfahari da cewa da kunne nake duba aiki. Ta gama na ce, "Madalla."

Mai jarrabawar, wata Hajiya, ta ajiye biro. "Malam, madalla da me? Farin maɓalli ta danna a na bakwai."

Ta sa aka sake. Wannan karon na buɗe ido. Na ga yatsan Hadiza ya sauka kan fari, amma kunnena bai ji wani kuskure ba. Hajiyar ta tashi da kanta, ta danna farin, ta danna baƙin, ta ce in bambanta. Na kasa. Duk waƙoƙin da Hadiza ta shirya a kan sikelin nan suke, kuma kuskuren yana cikin kowace. Hadiza ta faɗi jarrabawar.

A bakin ƙofa ta tsaya. "Malam, ai tun farkon zango na ce maka wurin nan bai yi mani daɗi ba. Ka ce kunnena ne bai nuna ba."

Daga baya na je asibiti.

Likita ya tabbatar jijiyar jina ta lalace, ba ta gyaruwa. Na rubuta wa shugaban kwaleji cewa laifin nawa ne, a ba Hadiza dama ta sake. Ya ce sakamako ya riga ya tafi, sai baɗi. Baɗi ta zo, rashin tsaro ya tashi gidansu, ban sake jin labarinta ba. Ni kuma aka mayar da ni ɗakin ajiyar littattafai, aka rufe ajin.

Ku da kuke fara koyarwa, ku ji wannan. A aikinmu malami na iya lalacewa shekara da shekaru bai sani ba, saboda ɗalibi ya fi yarda da mu a kan kunnensa. Yarinyar nan ta ji gaskiya, ni na hana ta.