Telan da Ya Kai Ƙirjinsa Asibiti

Tela bai iya zama ba. Ko a kan keken ɗinki, ƙafa ɗaya na taka feda, ɗayar na rawa don kanta. Matarsa na cewa ɗan'uwansa ne ya kwashe natsuwar tun a ciki.

Tagwaye ne shi da Mai Fenti, irin waɗanda uwarsu ma sai ta kira ta ga wanda ya waiwayo. Tun suna yara Tela ke tsayawa a madadinsa. Ya sha masa bulala a makaranta, ya zauna masa hoton katin shaida. Riga kuwa a jikinsa yake aunawa ya ɗinka biyu.

Da tari ya kama Mai Fenti har ya fara ramewa, likita ta ce a ɗauki hoton ƙirji, tana zargin ciwon daji. Layin hoton dogo ne, garejin da Mai Fenti ke aiki kuma cike da motoci. Tela ya ga abin ba ya buƙatar shawara. Ya je ya ba da ƙirjinsa, hoto ya fito fes, gida aka yi ta hamdala. Tarin ne kawai bai samu labari ba.

Ranar komawa ma shi ya je. Likita ta dubi hoton, ta dubi tumbinsa, ta yaba da yadda ya murmure cikin mako guda. Ya yi mata bayani da alfahari: shi ɗan'uwan mai tarin ne, tagwaye ne, jininsu ɗaya, an dai rage wa asibiti cunkoso.

Ta ajiye biro. Ta ce gadonsu ɗaya, gaskiya ne, amma ko a jikin mutum guda, ƙwayar halittar fata da ta hanta umarni ɗaya suka gada, kowace da sashen da aka buɗe mata. Shekaru da abin da mutum ke shaƙa sukan rufe wani sashe su buɗe wani, har ƙwaya ta manta aikinta ta kama yaɗuwa.

"Malam, ƙirjin da ke tari nake so. Yau."

Tela bai jira mota ba. A gareji ya tarar da ɗan'uwansa durƙushe gefen wata farar mota, yana feshi yana tari. Mai Fenti ya saurare shi, ya ce mai motar da yamma zai zo, asibiti kuwa ba guduwa zai yi ba.

Tela ya zagaya motar, ya dawo, ya sake zagayawa. Sai ya tuɓe rigarsa, ya miƙa hannu.

"Ba ni kayan aikinka. Mai motar ba zai gane ba."

"Kai da ko bango ba ka taɓa shafawa ba?"

"Zai ɗauka yau hannunka ne ya lalace."

Mai Fenti ya karɓi rigar ya sa don tafiya asibiti, ta zauna masa kamar buhu. A bakin ƙofa ya tsaya, ya zaro wani ƙyalle mai tsabta daga akwatin kayan aiki, ya jefo masa.

"Yaya, rufe hancinka."