Fitilar Tsakar Gidan Inna

A shekarun da nake koyarwa a Tambuwal, akwai abin da nakan yi kullum in rana ta yi ja. Nakan zauna a bakin ƙofar ɗakina, in buɗe waya, in taɓa ɗan hoton ƙwan fitila. Nan take, can a Kebbe, fitilar tsakar gidanmu sai ta kama. Inna, mahaifiyata, takan ɗaga kai daga abin da take yi ta dubi hasken, ni kuma ina kallonta a tafin hannuna.

Wana ne ya haɗa mana wannan abu bayan rasuwar Baba. Ya zo hutu daga Fatakwal, ya sa sola, ya kafa rauta, ɗan akwatin nan da ke kamo sabis ya raba wa gida intanet. Ya ɗaura ƙwan fitila mai jin umarnin waya, sannan ya maƙala kyamara a ƙasan kwanon rumfa don mu riƙa ganin lafiyar Inna. Abin da kyamarar ke gani ba shi da yawa: turmi, randa, igiyar shanya, da tabarmar da Inna ke zama a kai. Sabis ɗin garinmu ba shi da ƙarfi, don haka hoton yakan zo a hankali, kamar gidan yana ƙarƙashin ruwa. Kaza takan tsaya da ƙafa ɗaya a sama ta daɗe, sai kuma ka gan ta can bakin randa. Na saba da gidanmu a haka har ya zama in na yi mafarkinsa, da irin wannan tafiyar yake zuwa mini.

Wata damina tsawa ta ƙona rautar. Wana ya aiko da sabuwa, matar kawuna da ke zaune tare da Inna ta jona ta, wayoyinsu suka kama lafiya lau. Amma fitila da kyamara suka ƙi. In na buɗe waya ba abin da nake gani sai wani ɗan zobe yana ta juyawa a cikin baƙi. Duk da haka ban daina taɓa hoton fitilar da magariba ba. Yatsana ya riga ya saba.

Da Asabar ta zo na hau kabu-kabu na kama hanya. Gero ya yi tsawo har ya rufe gonaki, hanya duk kududdufai, sararin sama na kwance a cikin kowannensu. Mai mashin yana ta kauce musu, ni kuma ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana sa ni gyangyaɗi. A wani wuri muka tsaya garken shanu ya tsallaka, farare tas, ba hayaniya, sai ƙarar kofato a cikin laka. Na ji kamar ba tafiya nake ba, garin ne ke matsowa.

Na tarar da Inna tana tsince zogale. Bayan mun gaisa, na sha fura, ta nuna mini sabuwar rautar a kan wata kanta a cikin ɗaki.

"Ga ta nan," in ji ta. "Ƙahoni har fuɗu, sai ƙyalli. Amma ba ta san mutanen gida ba."

Na yi dariya, na ce yanzu zan gabatar da su. Na zaci aikin shan ruwa ne. Na shigar da sabuwar kalmar sirri a manhajar fitila, ta yi ta nema ta ce ba ta samu ba. Na sake, na matsa kusa, na kashe rauta na kunna. Har aka kira azahar ina nan. Sai na kira wana.

"Yaya, abin nan ya ƙi."

Na yi masa bayani, ina jin ƙarar motoci a bayansa. Can ya ce ya gane. Sabuwar rautar, in ji shi, hanyoyi biyu take aika sabis, akwai mai sauri, akwai ta dā, amma ta haɗe su a ƙarƙashin suna ɗaya. Wayoyin yanzu sun san duka biyun. Tsofaffin kaya irin namu kuwa ta dā kaɗai suka sani, in sun zo ƙofa aka nuna musu mai saurin sai su tsaya.

"Ki shiga cikin saitinta ki raba su. Ki ba ta dā sunanta daban, ki sa wayarki a kanta, sannan ki kira fitilar da kyamarar."

Na kife rautar na karanta abin da ke rubuce a ƙasanta, na kwanta rub da ciki a tabarma ina bin shafukan Turanci ɗaya bayan ɗaya. Inuwar darbejiya tana yawo a kan hannuna. Kurciya na kuka a wani gida. Ban san lokacin da na ɗauka ba, na dai ga suna biyu sun fito a inda dā ɗaya ne.

Saura a sa fitilar ta manta tsohuwar rauta. Yaya ya ce sai an yi ta kashe ta ana kunnawa har ta fara ƙiftawa. Inna ta ce ita za ta riƙe makunni. Ta tsaya a jikin bango da fuskar mai aikin gaske, ina ce mata kashe, kunna, kashe, kunna. Sai ga ƙwan yana haske yana dushewa da rana tsaka, a hankali, kamar mai numfashi cikin barci. Na taɓa waya. Ƙiftawar ta tsaya. Na kashe daga hannuna, ya mutu, na kunna, ya kama.

"Ta gane ki," in ji Inna, tana tafa hannu.

Kyamarar ta fi ba da wuya. Na kife turmi na hau. Akwai wata 'yar huda a bayanta da ake dannawa, Inna ta miƙo mini allura. Ina dannawa sai muryar wata mace ta fito daga ciki, siririya, tana magana da wani yare da ba Turanci ba. Inna ba ta ko yi mamaki ba.

"Lahiya lau, baiwar Allah," ta amsa mata. "Sannu da zuwa."

Dariya ta kusa kayar da ni daga kan turmin. Daga nan sai a nuna wa idon kyamarar wani ɗan murabba'i mai ɗigo-ɗigo a fuskar waya. Hasken rana ya hana ta gani, Inna ta ɗauko faifai ta yi mana inuwa. Muka tsaya a haka. Sai kyamarar ta yi 'yar ƙara kamar ɗan tsako. Na duba waya, ga fuskata ta cika ko'ina, ga Inna a bayana da faifai a sama.

Na sauko ina murna, amma na ga Inna ta koma tabarma ta zauna. Ta ɗauki zogalenta ta ajiye.

"Kwanakin ga da idon nan ya rufe," ta ce, ba ta dube ni ba, "na yi barcin rana nan waje. Ba kallabi, na miƙe ƙafafuna. Rabona da haka tun da aka sa shi."

"Me ya hana ki dā, Inna?"

"In kun gan ni kwance da rana, ku ce ba ni da lahiya. Wanki ya bugo, ke ki bugo. Sai in zauna tsaye-tsaye, in yi ta neman abin yi. Ko gajiya nika ji, sai in shiga ɗaka cikin zahi."

Na tuna duk yammacin da na gan ta zaune a miƙe, kallabi a ɗaure tsaf, na ji daɗi na ce Inna tana da ƙarfi. Na ce mata bari in cire ta gaba ɗaya.

"A'a, bar ta. Hankalinku ba ya kwanciya. Juya ta dai can."

Ta nuna wajen rumbu. Na sake hawa turmin, na murɗa wuyan kyamarar a hankali, tana ce mini ƙara, ƙara, ɗaga sama kaɗan. Tabarma ta fita daga hoton, randa ta fita. Aka bar hular rumbu, saman katanga, reshen darbejiya, da sarari mai yawa.

Da na gaya wa Yaya bai so ba. Ya fara cewa ai amfaninta ke nan, a ga mutum. Inna ta karɓi wayar.

"In kana son ganina, ka taho. Hanya ba ta rufe ba."

Na ji shi yana dariya, yana cewa to, Inna, to.

Na kwana, washegari na koma Tambuwal. Tun daga lokacin, in na buɗe waya, sararin Kebbe nake gani. In Inna ta ga dama takan taka har gindin rumbu ta tsaya, saman kanta kaɗai ke fitowa, ta ɗaga hannu, ta koma. Wata rana kuma ba ta zuwa sam, sai tsuntsaye. Ranar da na fi tunawa, ina zaune a ofishin malamai ana rana ƙwal a Tambuwal, na ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin a bayan rumbunmu. Reshen darbejiya ya fara kaɗawa, ɗigon farko ya sauka a idon kyamarar, komai ya narke ya zama kore da toka. Na zauna ina kallon ruwan garinmu har aka kaɗa ƙararrawa, na tashi na shiga aji.