Maman Awo da Ƙarfen Baranda

Ƙarfe bakwai da rabi Maman Awo take shigowa ofishin zanen gine-gine, kafin mai shara ya gama. Ta ajiye jaka, ta rataya tef ɗin awo a wuya kamar tela, sannan ta kunna kwamfuta tana ja mata kunne: "To ƙawata, yau ban da rigima." Shekara goma sha shida ke nan a haka, ranar Juma'ar nan kuma za ta yi ritaya.

Sababbin ma'aikata ba su san da ƙyar ta samu wannan kujera ba. Tana tsakiyar tashe ta ajiye aiki don rainon 'ya'ya huɗu, har shekara goma sha ɗaya. Da ta dawo, ina! An kwashe teburan zane, kowa ya ƙura wa kwamfuta ido. Wanda ta koya wa riƙon rula yana sabon shiga kuwa shi ne Injiniya, shugaban sashe.

"Anti, wata uku na gwaji aka ba ki," ya ce yana sosa ƙeya. "In hannunki bai faɗa da kwamfuta ba, babu yadda zan yi."

"Na ji, Yallaɓai."

"Haba Anti, ni ne Yallaɓai?"

"To wa zan kira, rular?"

Aka yi dariya, amma wallahi ta sha wuya. Zanen da wasu ke gamawa kafin rana ta raba sai ya ci mata kwana uku. Ta taɓa goge aikin mako guda da dannawa ɗaya. Ta shiga banɗaki, ta fito idanu jawur, ta zauna ta faro daga farko. Tsoronta ɗaya, kada ta koma gida ta ce wa 'ya'yanta uwarsu ta gaza.

Saura kwana tara gwajin ya ƙare aka ba ta zanen wata makarantar ƙananan yara mai bene. An riga an sa masa hannu, bugawa kawai aka ce ta yi. Ta duba, ta sake dubawa, sai ta miƙe ta nufi Injiniya.

"Ƙarfen barandar nan, kan yaro zai shige tsakani. Na kwancen kuma tsani ne, hawa za su yi."

"Anti, mutum uku suka duba shi fa."

"Cikin ukun wa ya taɓa zaro kan ɗansa daga tsakanin ƙarafa da sabulu? Ni na yi. Autana yana shekara biyu, yana ihu ina ihu."

Ta ja tef ta nuna masa tazarar. Injiniya ya janye zanen. Takardar tabbatar da ita ba ta kai mako ba ta fito, kuma tun daga ranar duk zanen da yara za su zauna a ciki sai ya bi ta teburinta.

Ke ce mai idon uwa a kan takarda, Maman Awo. Ɗaruruwan yara suna guje-guje a barandar nan, ba wanda ya san sunanki. Mu mun sani, kuma mun gode ƙwarai.

Jiya Injiniya ya tambaye ta kyautar da take so ta ban kwana. Ta ce ba ta son agogo, ba ta son kofi.

"Akwai takardar neman aiki a aljihun teburinka, mako uku ke nan. Ta wata ce da ta yi shekara bakwai tana raino. Na ga ka karanta ka mayar. Kira ta."

Ya sunkuyar da kai, ya jawo aljihun, ya ɗauko takardar ya kira ta. Ranar Litinin matar za ta zauna a kujerar Maman Awo.

Ku masu ofisoshi, kowa ya jawo aljihun teburinsa ya duba. Akwai wata uwa da ke jiran kiranku.