Ina Kwance a Asibiti, Hotona Yana Tallar Atichok

Salamu alaikum. Masu cigiyata tun bayan sallah, ga ni, da raina. Yau zan yi magana.

Abin ya fara ne da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, musamman in na ci abu mai maiƙo. Aka yi hoton ciki, likita ya ce tsakuwa ce a maɗaciya, sai tiyata. Wallahi na tsorata.

Na kai kukana wajen Anti Rakiya, maƙwabciyata a Kpakungu. Ita ta yi min wankan jegon ɗana na fari, ko wuta ta ce in shiga zan shiga.

Ta ce, "Haba Maman Sadik, ki bari a yanka ki ina raye?" Ta ɗauko kwalbar ruwan wani ganyen ƙasar waje, atichok, irin wanda take sayarwa, wai yana narkar da tsakuwa. Na soke ranar tiyatar.

Ina sha, ciwo na ƙaruwa. Idona ya yi ɗorawa, fitsari kamar shayi, ga amai. In na kira ta sai ta ce cutar ce ke fita, in ƙara cokali.

Ranga-ranga maigidana ya kai ni asibiti a keke napep. Ƙarin ruwa, gwajin jini, allurai. Keken ɗinkina ma sai da aka sayar. Ƙarshe dai tiyatar aka yi.

Likitan ya juya kwalbar ya ce, "Hajiya, wannan yana taimaka wa wasu masu kumburin ciki. Amma ruwan maɗaciya yake ƙara turowa, ke kuma tsakuwa ta toshe hanya."

Kwana biyu da tiyata, wata ƙawata ta unguwar Bosso ta kira tana min barka, wai ta ga na warke, har ta saya wa mahaifiyarta maganin. Ta turo min abin da Anti ta ɗora a sitatus: hotona na ranar suna, na sha gwaggwaro, an rubuta "Ta warke ba tiyata."

A lokacin ga roba a cikina. Anti ta sani, don har kunu ta kawo min asibiti.

Wannan ya fi ɗinkin tiyatar yi min ciwo. Har yau ban iya gaishe ta ba.

Na gode wa Allah, da maigidana, da nas-nas ɗin da suka yi ta fama da ni. Don Allah, in an ce kuna da tsakuwa, kar ku sha komai sai kun nuna wa likita.

Ga hotona na gadon asibiti nan ƙasa. Duk wadda ta saya saboda fuskata, ta duba fuskar da kyau.