Mutumin da Ya Gutsure Tudunmu

Zenonas Kairys direban katafila ne tun yana saurayi har gwiwoyinsa suka gaji. Maƙwabcina ne, kuma marowacin magana ne na gaske. In ka gaishe shi ya ɗaga hula, to ka samu rabonka na ranar.

A bayan ƙauyenmu akwai tudun da kakanni suka kafa ganuwar katako a kansa, tun zamanin da aka ɗora wa Mindaugas kambin sarauta, ƙasarmu Lituwaniya ta dunƙule a hannun sarki guda. Gefensa na arewa a gutsure yake kamar burodin da aka ciza, kuma aikin Zenonas ne. A zamanin Sobiyet taɓo ya sha hana mu fita gari, har wata ta haihu a keken doki. Mu muka dami shugaban gandun gwamnati da kuka, shi kuwa ya ce a ɗebi tsakuwar tudun a yi hanya. Zenonas ya ɗeba. Matarsa ta taɓa gaya mini bakin katafilar ya tono gawayi da fasassun tukwane da kan mashi, shi kuwa ya kau da kai ya zuba a tifa. Ranar da aka gama hanyar har rawa muka taka a kanta, ni da sabon takalmina.

Da ƙasa ta dawo hannunmu, shida ga Yuli ta zama ranar tunawa da naɗin sarkin. Daga baya muka fara hawa tudun da ƙarfe tara na yamma, a nan wajenmu rana ba ta ko faɗi ba a irin wannan watan, mu rera taken ƙasa lokaci ɗaya da 'yan'uwanmu na ko'ina a duniya. Zenonas ke yanke ciyawar tudun kowace shekara, ya gyara matakalar katako, ya kafa sandar tuta, ba wanda ya sa shi. Amma ranar bikin ba ya hawa. Sai ya ce gwiwa ce, mu kuma mu gyaɗa kai kamar mun yarda.

Bara na sa shi gaba, ni da shegen bakina. "Haba maƙwabci, gwiwar da ta hau jiya da lauje ita ce za ta kasa yau? Sa kwat ɗinka mu tafi, an daɗe da mantawa."

Ya saka baƙin kwat ɗinsa na zuwa coci, muka hau a hankali.

An gayyato wata malamar tarihi daga birni, yarinya mai zafin kishin ƙasa, ba ta san kowa a cikinmu ba. Ta yi bayanin sarkin da mayaƙansa, sannan ta nuna gutsurarren gefen, ta ce da za ta samu dama, da ta so ta ga fuskar wanda ya iya yi wa kakanninsa wannan aika-aika.

Zenonas ya cire hula. "Ga ta nan, 'yata. Ni ne."

Yarinyar ta rasa inda za ta sa kanta. Mu tsofaffin da muka roƙi hanyar muna tsaye kewaye da shi, kowa ya zuba wa takalminsa ido. Maganar tana bakina, in ce mu muka sa shi, amma kunya ta ɗaure mini harshe. Sai wani ya ce tara ta yi, aka ɗauki taken. Wallahi daɗi na ji da aka ɗauka, na rera da ƙarfi har na fi kowa. Da na waiwaya, Zenonas yana sauka shi kaɗai, yana dafa katako.

Bana ciyawar tudun ta kai ƙugu, biki saura kwana kaɗan. An yi taro an ce a tura wani ya roƙi Zenonas ya dawo yankan, aka dubi juna, ba wanda ya iya cewa zai je.