Mariƙin Garmaho

A duk yammacin ƙasar Ailan, daga birnin Gaillimh har inda ƙasa ta ƙare teku ya karɓa, ba a yi mutumin da waƙar gargajiya ta dogara da shi kamar Festy Mulkerrin ba. Magana ce tabbatacciya, domin daga bakinsa aka ji ta. Bai taɓa rera ko baiti guda ba. Sau ɗaya ya gwada yana yaro, limamin coci ya roƙe shi don girman Allah ya riƙa motsa leɓe kawai. Ba ya goge, ba ya busa. Sana'arsa facin hanya ce, shi da shebur da kwalta, kuma hanyoyin yankinsu na Conamara shaida ne cewa a nan ma bai yi fice ba.

Abin da ya iya shi ne riƙe hannu.

Mawaƙin tsohon salo a wajenmu ba ya son kayan kiɗa, ba ya kuma son a zuba masa ido. Lungu yake samu a mashaya ko a ɗakin girki, ya ja hula ta rufe goshi, ya fara ƙasa ƙasa kamar mai yi wa kansa magana. Idan waƙar ta yi nisa ta fara nauyi, sai ya miƙa hannu gefe ba tare da ya duba ba. Na kusa da shi ya kama, ya riƙa juya hannun sannu a hankali yadda ake juya mariƙin garmaho, tsohuwar na'urar faifan waƙa, har a kai ƙarshe. Kowa na iya kamawa. Amma in mai waƙar Beartla ɗan Páidín ne, kowa ya san hannun nan yana da mai shi.

Abin ya samo asali ne a zaman makokin wani tsoho, suna samari. Beartla ya ɗauko waƙar 'yan'uwa ukun nan da suka shiga kwalekwale za su ɗauko rago daga tsibiri, teku ya riƙe su, ragon kaɗai ya iyo ya dawo gida. A tsakiyarta muryarsa ta fara rawa, ya miƙa hannu. Festy ne mafi kusa, domin a daidai lokacin ya sunkuyo zai ɗebi taba a farantin da aka ajiye wa masu makoki. Hannu ya faɗa cikin hannu. Festy ya juya, murya ta dawo, mata suka yi kuka mai kyau. Daga ranar ya san abin da aka halicce shi domin shi.

Shekara talatin da ɗoriya suka yi a haka. Mutane suka sa masa suna Mariƙin Garmaho, har yara ba su san yana da wani sunan ba. In Beartla ya tsaya jiƙa maƙoshi, sai wani ya ɗaga murya daga bayan mashaya.

"Mariƙi, injinka ya tsaya! A zuba masa mai ne ko a tura?"

"Ku yi dariyarku," in ji Festy. "Ranar da na saki hannun nan za ku san abin da ake kira shiru."

"Sake shi mana mu huta, mu ma mu ji muryar matanmu."

Beartla dai ba ya cewa komai. Mutum ne da duk maganarsa ta tafi cikin waƙa, ɗan abin da ya rage kuma yake tattalinsa.

Sai mutanen rediyo suka zo daga Dublin da na'urarsu. Bayansu wasu matasa suka biyo, masu goge da molon tsaye da algaitar salka, suka ce muryar Beartla dukiyar duniya ce, bai kamata ƙauye ɗaya ya ɓoye ta ba. Ƙauyen bai san yana ɓoye komai ba, amma ya ba da haƙuri. Suka tafi da shi Dublin, daga nan Boston, daga nan wuraren da sai a taswira. Da Festy ya ga hoton Beartla na farko a bangon shago, an cire masa hula, an rubuta a ƙasa cewa wannan kiɗan Celtic ne, sai ya tsaya ya daɗe yana dubawa.

"Ashe sunansa ke nan," ya ce wa mai shagon. "Tun ina yaro nake cikinsa, ba wanda ya gaya min."

Ba wanda ya gayyace shi tafiyar, shi ma bai tambaya ba. Ya ce ai ko an kira shi ba zai iya barin hanya da ramuka ba. Duk kaset ɗin da ya fito sai ya saya. Yakan zauna gaban murhu ya kunna, hannunsa na dama yana zagaya iska shi kaɗai. A cewarsa kaset ɗin duk suna da ɗan rauni a tsakiya, wanda ba kowane kunne ke kamawa ba. Da Peigí matar Festy ta rasu, Beartla yana Amurka, ya aiko da furanni masu girman ƙofa. Wani ne ya yi waƙa a makokin. Festy ya zauna da hannuwansa a kan gwiwa, ya gaya wa duk wanda ya tambaya, da wanda bai tambaya ba, cewa mutum ba ya tsallake teku kamar kwata.

'Yarsa Nuala ce ta kawo labarin, wata ranar bazara. Malamar jinya ce a Gaillimh, ba ta iya zagaye-zagaye ba.

"Baba, Beartla ba lafiya. Maƙoshi ne, kuma ba irin wanda ake warkewa ba. Zai yi wasan ban kwana a babban zauren gari, da la'asar, don likita ya hana shi kai dare. Na samo mana kujeru."

Festy ya ci gaba da shafa man shanu a burodinsa har ya wuce gefe.

"Zai yi ta 'yan'uwa uku?"

"An ce da ita zai rufe."

"To ba zai kai ƙarshenta ba. Da lafiyarsa ma sai da ni, balle yanzu."

"Baba, shekara nawa yana yin ta ba tare da kai ba?"

"Wannan kaset ne. Kaset yanka shi ake yi a liƙa. Ke yarinya ce."

Nuala ta haura arba'in, amma ta bar maganar.

Ranar wasan Festy ya sa kwat ɗin da ya saka ranar da aka binne Peigí. Ya wanke hannun dama da sabulu har sau da yawa, ya kankare kwaltar da ta zauna a ƙarƙashin farce tun kafin ya bar aiki. A motar haya bai ci abin da Nuala ta ƙunso ba, kada ya ɓata hannun da maiƙo.

Kujerunsu suna can sama, baya, inda mutum kan ga dandamali kamar akwatin ashana. Zauren ya cika da baƙi, Amurkawa da Jamusawa da mutanen Dublin, duk sun zauna a nutse kamar masu jiran sakamakon asibiti. Aka kashe fitilu. Hayaƙi ya fara malalowa a dandamali, Festy ya zabura.

"Nuala, gobara!"

"Zauna, Baba. Na ado ne."

"Hayaƙin ado? Mu da muka yi rayuwa muna korar sa daga ɗaki?"

Matasan nan, da yanzu sun yi tumbi, suka yi kiɗa mai kyau, ba a ƙi gaskiya ba. Aka tafa inda ya kamata. Sannan suka fice, aka bar haske guda, Beartla ya fito cikinsa. Ya rame har kwat ya yi masa yawa. Ya tsaya a tsaye, ba hula, fuskarsa ga dubun mutane, abin da a da ko da bulala ba zai yi ba. Ya rufe ido ya fara.

Muryar ta sirance, amma ita ce. 'Yan'uwan suka tura kwalekwale, uwarsu na tsaye a bakin gaɓa. Da baitin farko ya sauka, Festy ya yi abin da duk mai tarbiyya yake yi a irin wannan gaɓa. Ya buɗe murya, muryar da ta saba ƙetare ƙarar injin kwalta.

"Kada Allah ya rage maka ƙarfi, Beartla!"

Kawuna suka juyo. Shiit ta taso daga ko'ina kamar an zuba ruwa a kasko. Wata baƙuwa da ke gabansa, wadda ta tsallako teku don ta ji waƙar gargajiya ta ainihi, ta gaya masa cewa ya kamata ya girmama al'adar mutane. Wani ma'aikacin zauren ya zo da 'yar tocila ya raɗa masa cewa ana ɗaukar sauti.

Festy bai ji ko ɗaya ba. Idonsa na kan dandamali, yana jiran wurin da ya sani. Iska ta juya a cikin waƙar, kwalekwale ya karkata, babban wan ya kira sunan ƙaramin. A nan muryar ta tsage. Beartla ya yi shiru. Sannan hannunsa na dama ya tashi a hankali ya miƙe gefe, tafin a buɗe, cikin hasken nan, ba kowa kusa.

Nuala ta kai hannu za ta riƙe kwat ɗin uban, ta kama iska. Tsohon da ke hawa matakalar coci da hutu biyu ya gangara matakalar zauren nan kamar an kira shi da suna. Ya bi ta tsakiyar kujeru, hannunsa a gaba. A gindin dandamali wasu ƙarti biyu masu baƙar riga suka tare shi, cikin ladabi, kowanne ya kama kafaɗa ɗaya.

"Ina zuwa, kaka? Bayan gida ta can yake."

"Hannunsa. Ba ku gani ba? Ya miƙo hannu!"

"An gani. Za a gaisa da kowa in an tashi."

"Ba gaisuwa ba ce, ɗan nan, juyawa zan yi!"

Suka dubi juna, ɗaya ya sunkuyo yana shinshinar bakinsa. Suna cikin haka wata mata ta fito daga gefen labule da sauri, a duƙe, ta sa kofin ruwa a tafin da ke buɗe. Beartla ya kurɓa, ya mayar mata. Ya ɗauki waƙar daga inda ta faɗi, ya bi ta baiti baiti, ya kai ragon har ƙofar gida yana ɗigar ruwa. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Zauren ya miƙe tsaye. Festy ya ji ƙarshen daga bakin ƙofar fita, inda aka zaunar da shi a kujerar mai gadi.

Nuala ce ta yi ta magana da mutane har aka bar su suka shiga ɗakin baya. Beartla na zaune an lulluɓe masa wuya da tawul, matar nan mai kofin ruwa tana haɗa masa kaya. Ya ɗago ido. Da ya yi magana, raɗa ce ta fito, sai an matso.

"Na ji jaki ya yi kuka daga sama. Na ce ko an bar ƙofa a buɗe, ko kuma Festy ya zo."

"Ka tsufa, ɗan Páidín."

"Kai kuma ka zama saurayi. An ce mutum biyu suka riƙe ka."

"Uku. Ɗaya ya tafi kiran taimako."

Suka yi dariya, ta Beartla ta koma tari. Festy ya jira ya lafa. Ya dubi bango, ya dubi takalminsa.

"Hannun nan da ka miƙa."

"Ruwa," in ji Beartla. "A nan kullum yake bushewa. Ta san wurin."

"Na sani. Tambaya dai na yi."

"Kai da ka kusa ɓalle min kafaɗa shekara talatin. Har yau in za a yi ruwan sama sai ta tuna min da kai."

Festy ya gyaɗa kai, ya fara laluben maɓallin kwat ɗinsa alhali kwat ɗin a rufe yake. Beartla ya dube shi na ɗan lokaci. Sai ya jawo kujerarsa ya juya ta ga lungu, ya sunkuyar da kai, ya rufe ido, ya miƙo hannun gefe ba tare da ya duba ba.

"Zo, tsohon banza. Baiti ɗaya."

Nuala ta ja matar suka koma bakin ƙofa. Festy ya goge tafinsa a wando, ya kama. Hannun ba nauyi, ƙashi ne da sanyi. Ya fara juyawa sannu a hankali, daidai yadda ya saba, bai manta komai ba. Beartla ya buɗe baki. Iska ta fito, da wani ɗan sauti kamar ana jan takarda a ƙasa. Ya haɗiye, ya sake gwadawa. Festy ya rage sauri, ya ƙara, ya sauya riƙo. Ya yi ta juyawa, yana kallon leɓen da ke motsi, yana bin kalmomin a ransa har baitin ya ƙare, ya shiga na biyu. Ba abin da ya fito.

Matar ta leƙo ta ce mota ta iso, kuma direban ya tsaya inda ba a tsayawa. Beartla ya zare hannunsa, domin da shi zai sa kwat.