Azarar Ɗakin Iya

Shekarar da nake neman takardar shaidar aikin duba-gari, abu ɗaya ya rage min: sa hannun shugaban da aka haɗa ni da shi a zagayen gidaje. In bai sa ba, sai baɗi. Ni kuwa na gaji da zama a gida a Kazaure, na gaji da matan unguwa da ke tambayata wai har yanzu karatun bai ƙare ba.

Shugaban nawa dattijo ne mai sanyin jiki, irin wanda sai ya gaisa da kowa tun daga tasha, ina tsaye ina karkaɗa ƙafa. Yadda muke aiki, shi ya zauna a zaure da maigida, ni in shiga ciki tunda namiji ba ya shiga wurin mata. In duba randa, makewayi, kwata, rijiya da lafiyar ɗakuna, in fito in faɗa masa.

Ana gab da damina muka je Roni. A wani gida na shiga ɗakin mahaifiyar maigidan, wadda kowa ke ce wa Iya. Soro ne na ƙasa, tsaf da shi, ga gado, ga jeren kwalla, ga wani tsohon akwatin katako a jikin bango. Da na ɗaga kai sai na ga hanyar gara ta bi azara. Na ƙwanƙwasa da sandata, na ji ciki fayau.

Na ce, "Iya, ɗakin nan ba zai kai kaka ba. Kanki zai rufto."

Ta ajiye carbinta ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi. Ta tambayi 'yar gidan wace ce ni, da zan shigo ban gama gaisuwa ba in yi mata albishir da mutuwa. Ta sa surukarta ta raka ni ƙofa.

A zaure na faɗi abin da na gani. Maigidan ya ce ya sani, amma mahaifinsa ne ya gina mata ɗakin, kuma shi ba zai iya ɗaga uwarsa ba. Da muka fito shugabana ya ce ba zai sa hannu ba sai Iya ta bar ɗakin nan.

"Idonki na yarda da shi," in ji shi. "Bakinki ne ban yarda da shi ba."

Na ce to ƙarya zan yi mata, Yallaɓai? Sai ya tsayar mana da babur.

Kwanakin da suka biyo baya na kasa zama wuri ɗaya. In gajimare ya taso ta gabas sai in fita tsakar gida in tsaya. Na ƙona tuwo. Na yi faɗa da ƙanwata a kan tsintsiya. Mahaifiyata ta ce ba a ambata wa tsoho ajalinsa a fuskarsa, ko da likita ne. Na ce ai gaskiya na faɗa. Ta ce to in je in ci gaskiyar.

Ranar da aka yi yayyafin farko na kasa haƙuri, na koma Roni ni kaɗai. Na durƙusa na gaishe da Iya, na tambayi gajiya, na tambayi jikoki, na tambayi awaki, gwiwata na zafi.

"Mai shelar mutuwa ce?" in ji ta. "To ga ni, ban tafi ba. Ko kin zo ɗaukar awo ne?"

Na danne amsar da ta zo min. Na miƙa mata sandata, na roƙe ta ta taɓa azarar da ke saman akwatin da hannunta. Ta karɓa don ta ƙaryata ni. Bugu ɗaya, garin azarar ya zubo a kan murfin, har da gara masu rai suna motsi.

Ba ta ko sake kallon sama ba. Akwatin ta jawo da sauri ta buɗe. Gara ta riga ta ci bayansa. A ciki akwai farin yadi a naɗe, likkafanin da ta tanada wa kanta tun da ta dawo daga Makka. Ta warware shi tana dubawa. Bakin ƙyallen kawai garar ta taɓa.

Ta kira surukarta ta ce a kai akwatin ɗaya ɗakin mai rufin kwano. Aka kai. Sai ta ce ita ba ta kwana inda akwatinta ba ya nan, a kwance gadon ma. Ina ɗauke da kwalla biyu ta ce kada in ɗauka don ni ta yi.

Shugabana sai da ya je Roni ya ji daga bakin maigidan. A kan sirdin babur ya sa min hannu. Ya tambayi me na faɗa mata a karo na biyu. Na ce kusan ba komai.

"Ke ɗin?" in ji shi, ya mayar da biro aljihu. "Gobe garin Gwiwa za mu. Ki karya kumallo kafin ki fito."